Jamusanci a Ajin Ƙarshe na Sakandare: Nazarin Lamarin Wata Ɗaliba a Jos

Wannan nazari ya shafi wata ɗaliba ce a wata makarantar sakandare mai zaman kanta da ke cikin garin Jos, wadda ta fara koyon Jamusanci tun tana aji biyu na ƙaramar sakandare, ta kai matakin tsakiya ba tare da wata tangarɗa ba, sannan ta cije a daidai lokacin da aka nemi ta haura zuwa mataki mai zurfi a shekararta ta ƙarshe. An sakaya sunanta da na malaminta da na makarantar. Abin da ake son dubawa shi ne yadda darasin da ba ya cikin jarrabawar ƙasa yake rayuwa a makarantar da komai nata ya ta'allaƙa ga jarrabawar ƙasa, da kuma abin da ake nufi idan an ce yaro ya yi zurfi a harshen da ba ya jin kowa na magana da shi a gida ko a kasuwa.

Asalin darasin

Jamusanci ba shi da gurbi a jarrabawar kammala sakandare a Nijeriya. Harsunan waje da ɗalibi zai iya rubutawa a WAEC ko NECO su ne Faransanci da Larabci, haka kuma abin yake a jarrabawar shiga jami'a ta JAMB. Faransanci ya ƙara samun gindin zama ne tun da Janar Sani Abacha ya ayyana shi a matsayin harshen hukuma na biyu a 1996. Jami'o'in da suka daɗe suna ba da digiri a Jamusanci, wato ta Ibadan da ta Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife da ta Nsukka, duk a kudu suke, saboda haka malamin Jamusanci a arewa abu ne da sai an tona.

Malamin da ake magana a kansa an ɗauke shi ne domin ya koyar da Faransanci. Haifaffen Jos ne, iyayensa daga kudu maso yamma suka zo, amma da Hausa ya tashi, kuma ya haɗa Jamusanci da Faransanci a karatunsa na jami'a. Shi ne ya nemi a ba shi dama ya buɗe ƙungiyar koyon Jamusanci da yammacin Laraba bayan an tashi. Hukumar makaranta ta amince nan take, ba don ta yi wani dogon tunani a kan harshen ba, sai don abu ne da zai bambanta ta da sauran makarantun kuɗi idan iyaye sun zo neman gurbi. Da aka ga yara sun yi cincirindo a farkon zango, sai aka mayar da abin darasi na zaɓi, sau biyu a mako, minti arba'in-arba'in, tare da ɗan ƙarin kuɗi a kan kuɗin makaranta. Cincirindon bai daɗe ba. Kafin ajin ya kai babbar sakandare, 'yan kaɗan ne suka rage, kuma ɗalibar nan ce ta fi su ƙwazo.

Mahaifinta ɗan kasuwa ne mai sayar da kayan gyaran manyan motoci a wajajen Dilimi. Tun yana saurayi yake sauraron sashen Hausa na Muryar Jamus, wanda ke watsa shirye-shirye tun 1963, kuma a sana'arsa ya daɗe da yanke hukuncin cewa ƙarfen Jamus ya fi na kowa ƙarko. Ya kuma ji cewa yawancin jami'o'in gwamnati a Jamus ba sa karɓar kuɗin karatu. Daga waɗannan abubuwa ne ya gina burinsa: 'yarsa, wadda ke ajin kimiyya, ta gama sakandare da takardar Jamusanci mai ƙarfi a hannu, ta wuce can ta karanta injiniyanci.

Ma'aunin da ake amfani da shi

Tun da babu jarrabawar ƙasa, makarantar ta jingina ne da ma'aunin harsuna na bai-ɗaya da Majalisar Turai (Council of Europe) ta fitar a 2001, wanda ya kasa ƙwarewa zuwa matakai shida, daga A1 zuwa C2. Cibiyar Goethe mai yaɗa harshe da al'adun Jamus, wadda ke da reshe a Legas tun 1962, tana shirya jarrabawa a kan kowane mataki. A matakin B1 ana sa ran mutum zai iya tafiyar da harkokinsa na yau da kullum, ya ba da labarin abin da ya same shi, ya faɗi abin da yake so da ɗan dalili. A matakin B2 kuwa ana sa ran zai karanta rubutu mai sarƙaƙiya, ya bi muhawara, ya kare ra'ayinsa a baki da a rubuce, ya auna amfani da illar wata shawara. Wannan matakin ne makarantar ta kira mataki mai zurfi, kuma a ganina ta kira shi daidai, domin shi ne iyakar abin da ɗan sakandare zai iya nema da hankali a inda ba a magana da harshen.

Cibiyar Goethe ta ƙiyasta cewa kaiwa B1 na buƙatar darussa 350 zuwa 650 masu minti 45, B2 kuma 600 zuwa 800. Idan aka ɗauki darasi biyu na minti 40 a mako, a shekarar karatu mai mako 36, abin da za a samu awa 48 ne, wato kwatankwacin darussa 64 na wancan ma'auni. Da wannan tafiya, sai yaro ya shekara tara da 'yan kai kafin ya taɓa ƙasan abin da B2 ke buƙata. Babu wanda ya yi wannan lissafi a makarantar lokacin da aka buga a takardar sanarwa cewa ɗalibai za su fita da B2, alhali lissafi ne da bai fi ƙarfin ɗan aji ɗaya ba.

Abin da ya cike giɓin a shekaru huɗun farko shi ne ƙoƙarin yarinyar da na malamin a wajen jadawali. Tana bin darussan da Muryar Jamus ke bayarwa kyauta a intanet da wayar mahaifiyarta, malamin kuma yana tara su a dogon hutu. Da haka ta ci jarrabawar B1 a ƙarshen aji biyu na babbar sakandare.

Abin da ta zo da shi daga gida

Ya dace a tsaya a nan, domin wannan ne ɓangaren da ya fi ba malamin kansa mamaki. Littattafan da yake koyarwa da su an rubuta su ne da Jamusanci zalla, bayanin da yake ƙarawa kuma da Ingilishi yake yi, kamar yadda aka saba a makarantun boko. Sai dai Ingilishi jagora ne mai rauni a wannan hanya, domin ya zubar da yawancin abubuwan da Jamusanci ya riƙe.

Babban abin da ke kayar da masu koyon Jamusanci shi ne yadda ƙaramar kalmar da ke gaban suna take sauya kama gwargwadon aikin sunan a cikin jimla. Kalmar mutum namiji takan zo a matsayin der Mann idan shi ne ya yi aikin, den Mann idan a kansa aikin ya faɗa, dem Mann idan shi aka yi wa, des Mannes idan mallaka ake nufi. Sauran 'yan ajin sun ɗauki wannan a matsayin jadawalin da za a haddace. Ita kuwa, da yake ta yi nisa a Islamiyya kuma ta karanta nahawun Larabci, sai ta gane cewa li'irabi ne. Ta riga ta san cewa fa'ili marfu'i ne, maf'uli mansubi, abin da ya biyo bayan harafin jarra kuma majruri, kuma ta san cewa alamar da ke jikin kalma ce ke nuna wanda ya yi aiki, ba wurin da kalmar ta zauna ba. Saboda haka da aka nuna mata cewa mit (tare da) yana jan yanayi ɗaya, für (domin) kuma yana jan wani, ba ta ga baƙon abu ba. Ko ƙidaya ma, inda Bajamushe ke fara faɗin ɗaya kafin ashirin idan yana nufin 21, haka Balarabe yake yi.

Yanayin da ba shi da takwara sosai a Larabci, wato na wanda aka yi wa abu, Hausa ce ta warware mata shi. Idan Bahaushe ya ce na saya wa yaro riga, wannan wa ɗin ita ce ke nuna wanda aka yi domin sa, kuma yaron ne ke riga rigar zuwa a cikin jimla. Jamusanci ma haka yake jerawa: ich kaufe dem Kind ein Hemd. Malamin ya ce bai taɓa lura da wannan ba duk da cewa da Hausa ya tashi, saboda bai taɓa ajiye harsunan biyu kusa da juna ba sai da Ingilishi a tsakaninsu.

Jinsi ma bai zame mata sabon abu ba, tun da a Hausa kowane suna tilo ko namiji ne ko mace. Rana mace ce a harsunan biyu, wata kuma namiji. Wahalar ita ce Jamusanci na da jinsi na uku, kuma babu wata ƙa'ida mai sauƙi irin ta Hausa inda yawancin sunayen mata ke ƙarewa da wasalin a, saboda haka wuƙa da yarinya duk sukan faɗa jinsi na uku, dole a haddace kowane suna da jinsinsa. Jam'i kuwa, wanda ya saba da gida da gidaje, littafi da littattafai, ba zai firgita da Haus da Häuser ba. A furuci, kunnenta ya riga ya saba da bambancin dogon wasali da gajere, wanda Jamusanci ke amfani da shi wajen rarrabe ma'ana kamar Hausa. Inda ta sha fama shi ne wasulan ü da ö, da haɗuwar p da f a wuri ɗaya kamar a Apfel, da cunkoson baƙaƙe a ƙarshen kalma kamar Herbst, inda harshen Bahaushe ke son cusa wasali a tsakani.

Duk wannan jari ne na gaske, kuma shi ya kai ta B1 da ƙarancin sa'o'i. Amma jari ne na nahawu, kuma mataki na gaba ba nahawu kaɗai yake tambaya ba.

Inda aka cije

A watan Disamba na shekarar ƙarshe, cikin tsananin sanyin hunturun Jos, malamin ya shirya gwaji irin na B2 a ɗakin gwaje-gwajen kimiyya ranar Asabar da safe, domin nan ne kaɗai ke da soket mai aiki. Yaran na sanye da rigunan sanyi, wayarsa na kan tebur haɗe da ƙaramar lasifika, yana sa musu sautin sauraro. Ya bi tsarin jarrabawar kamar yadda yake tun 2019: karatu minti 65, sauraro kusan minti 40, rubutu minti 75, sai magana wadda ake yi bibbiyu bayan an ba da minti 15 na shiri. Kowane sashe ana neman maki 60 cikin 100.

Ta haye a karatu. A sauraro ta kusa, abin da ya kayar da ita shi ne sassan da ake sa sauti sau ɗaya tak. A rubutu da magana kuwa ta faɗi ƙasa warwas, abin da bai taɓa faruwa da ita ba a kowane darasi.

Takardar rubutun nata ta cancanci a duba ta da kyau. An nemi ta rubuta aƙalla kalmomi 150 tana bayyana ra'ayinta kan yawaitar kayan da ake amfani da su sau ɗaya a yar, ta kawo dalilai, ta ambaci wasu hanyoyi, ta faɗi amfaninsu. Jan biron malamin ya zagaye aikatau a wurare da dama, ya ja kibiya zuwa ƙarshen layi, domin a Jamusanci idan ganga, wato sashen jimla, ta fara da kalma irin weil (saboda) ko obwohl (ko da yake), aikatau yakan koma can ƙarshe, ita kuma tana ajiye shi inda Ingilishi ke ajiyewa. Wannan ya nuna cewa da zarar jimla ta yi tsawo, da Ingilishi take tunani sannan ta juya. Amma wannan ƙaramin ciwo ne. Babban ciwon shi ne babu ra'ayi a cikin rubutun ko kaɗan. Ta fara da ma'anar shara, ta jera ire-irenta, ta lissafa illolinta, ta rufe da kira ga gwamnati, daidai yadda ake haddace amsar darasin zamantakewa. Ba ta ce ga abin da take gani ba, balle ta kawo hujjar wanda zai saɓa mata ta rushe ta.

A sashen magana abin ya fi fitowa fili. Bayan ɗan gajeren jawabi, ana so ɗalibai biyu su yi musayar ra'ayi kan wata tambaya, kowa ya mayar da martani ga abin da ɗan'uwansa ya faɗa. Abokin gwajinta namiji ne, malamin kuma na zaune a matsayin mai jarrabawa. Duk abin da yaron ya faɗa sai ta ce ta yarda, ta sunkuyar da kai, ta jira. Nahawun 'yan jimlolin da ta furta ya fi nasa tsabta nesa ba kusa ba, amma shi ya fi ta maki.

A nan ne nake ganin asalin lamarin yake. Shekara goma sha biyu tana makaranta, an koya mata kwafar allo, da hadda, da mayar da abin da aka ba ta yadda aka ba ta, kuma ta ƙware a kai. Ba a taɓa neman ta tsaya ta ce ban yarda ba ga kuma dalilina, da Ingilishi ko da Larabci ko da Hausa. A gida kuma an yi mata tarbiyyar da ta ɗauki musu da namiji baƙo a gaban babba a matsayin rashin kunya, kuma wannan tarbiyya ba aibi ba ce a muhallinta. Sai dai jarrabawar an gina ta ne a kan al'adar makarantun Jamus, inda ake horar da yaro tun yana ƙarami ya auna hujjoji biyu ya ɗauki matsaya. Ga kuma batutuwan da ake kawowa, irin su rarraba shara kashi-kashi, da zaman haya na haɗin gwiwa tsakanin ɗalibai, da yin aikin ofis daga gida, da ƙaurace wa cin nama, waɗanda ba ta da wani abin cewa a kansu ko da da Hausa aka tambaye ta. Ƙarin darussan nahawu ba zai magance wannan ba.

Zaman da aka yi a ofishin shugabar makaranta

Zango na biyu na ajin ƙarshe ba shi da sararin komai. Jarrabawar JAMB na tafe, ta WAEC na biye da ita a watannin Mayu da Yuni, NECO kuma na ɗorawa har cikin Yuli. Malaman lissafi da kimiyyar sinadarai suka fara ƙorafin cewa ɗalibar da suke sa ran za ta fitar da makarantar kunya tana ɓata Asabar ɗinta a kan darasin da ba zai fito a sakamako ba, har aka cinye darussan Jamusancin biyu da bita ba tare da an sanar da kowa ba. Da mahaifin ya ji, sai ya zo da kansa.

Matsayarsa a bayyane take: an yi masa alkawarin B2, ya biya kuɗi shekara da shekaru, yana so a yi mata rajista kafin WAEC. Shugabar makarantar ta ce masa, "Alhaji, taura biyu ba ta taunuwa," ta ƙara da cewa idan yarinyar ta rasa kiredit a lissafi ko kimiyyar lissafi, babu takardar Jamusancin da za ta buɗe mata ƙofa, a nan ko a can. Malamin, wanda shi ne ƙarami a ɗakin, ya nemi izini ya ajiye takardar gwajin a gabansu, ya ce, "Ranka ya daɗe, ko yau aka sallame ta daga sauran darussa, ba za ta ci rubutu da magana nan da wata uku ba."

An taɓo wasu hanyoyi, amma ba a daɗe a kansu ba. Jamusanci na babban mataki a tsarin Cambridge karatun shekara biyu ne, kuma makarantar ba cibiyar wannan jarrabawa ba ce. A tsarin IB, wato manhajar sakandare ta ƙasa da ƙasa, babban matakin harshe na biyu yana cin awa 240 tare da nazarin ayyukan adabi guda biyu. Takardar DSD ta hukumomin ilimin Jamus kuwa ana yin ta ne kawai a makarantun da Jamus ta amince da su, waɗanda ke cikin haɗakar PASCH da ma'aikatar harkokin wajen ƙasar ta kafa a 2008. Dukkan waɗannan tsare-tsare sun yi tarayya a abu guda: sun ba harshen sa'o'i masu yawa a cikin jadawali, sun kuma sa karatun dogon rubutu da insha'i a tsakiyarsa. Makarantar Jos ta ɗauki sunan matakin ne ba tare da ta ɗauki nauyinsa ba, kuma shugabar ta amince da hakan a gaban mahaifin, ta ce za a daina karɓar ƙarin kuɗin har sai an sake tsari.

Abin da aka tsayar shi ne a ɗage jarrabawar zuwa bayan NECO. Kafin nan ba za a ba ta aikin gida na Jamusanci ba, sai dai ta riƙa sauraron labaran da Muryar Jamus ke karantawa a hankali domin masu koyo, na ɗan lokaci kullum, don kada kunne ya toshe. Malamin kuma ya roƙi a bar masa awa ɗaya ranar Asabar, da sharaɗin ba zai buɗe littafi ba.

Awa ɗayan nan

Abin da ya yi da wannan awa shi ne muhawara da Hausa. Yakan kawo batun da yaran suka sani ciki da bai: ko hana acaɓa a cikin gari ya amfani talaka, ko ya dace a sake gina babbar kasuwar Terminus da ta ƙone a 2002 a wurinta na da, ko ya kamata a bar 'yan sakandare su riƙe waya. Sai ya raba su gida biyu ba tare da la'akari da ra'ayinsu na gaskiya ba, kuma wannan dabara ta yi aiki a kan ɗalibar fiye da yadda ya zata, domin da yake matsayar ɗora mata aka yi, kare ta bai zama rashin kunya ba, ya zama cika umarnin malami. A batun kasuwa, inda take da labarin abin da 'yan'uwan mahaifinta suka yi asara, ta yi magana har sai da aka tsayar da ita.

Bayan an gama da Hausa, sai ya sa su ɗauki hujja ɗaya su faɗe ta da Jamusanci kai tsaye, ya hana a bi ta Ingilishi. Ya nuna musu cewa duk abin da B2 ke nema na haɗa zance suna da shi a bakinsu: ko da yake, duk da haka, a ɗaya ɓangaren, da a ce, ba don haka ba. Aikinsu shi ne su san takwaran kowanne da kuma inda yake tura aikatau. Kuskuren jerin kalmomi bai ɓace ba, amma ya ragu sosai. Daga baya ne ya shigo da batutuwan can, yana fara yi musu bayanin yadda rayuwar take, domin su sami abin da za su kafa hujja a kai.

Da aka gama NECO ta koma ga harshen gadan-gadan na wasu watanni. Malamin ya so ta fara da karatu da sauraro kawai, tun da jarrabawar ta ba da damar a ɗauki sassan ɗaya bayan ɗaya. Mahaifin ya ƙi, kuma da hujjarsa: tafiya Legas yini guda ce cur a mota, ga kuɗin mai rakiya, saboda haka zuwa biyu ya fi rajistar sassa huɗu tsada. Ta tafi da kawunta, suka sauka wurin dangi a Agege, ta rubuta duka huɗun. Ta ci karatu da sauraro da rata mai kyau, ta haye rubutu da ƙyar, ta faɗi a magana. Da yake sassan da aka ci ba sa rushewa, magana kaɗai ta sake, kuma ta ci a karo na biyu.

Abin da takardar ta buɗe da abin da ba ta buɗe ba

Sai da takardar ta zo hannu ne iyalin suka zauna suka karanta sauran sharuɗɗan, abin da ya kamata a ce makarantar ta zaunar da su a kai tun farko. Takardar sakandaren Nijeriya ba a ɗaukar ta daidai da Abitur, takardar kammala sakandare ta Jamus, don haka hanyar da aka saba bi ita ce shekara guda a kwalejin share fage da ake kira Studienkolleg, wadda ke da jarrabawar shiga da ta fita, ko kuma mutum ya fara karatun jami'a a gida tukuna. Shiga digirin da ake koyarwa da Jamusanci kuma yana buƙatar abin da ya ɗara B2, kamar mataki na 4 a dukkan sassan TestDaF ko DSH-2, wato jarrabawoyin harshe na shiga jami'a. Batun kyauta ma da sauran magana, domin jihar Baden-Württemberg ta fara karɓar Yuro 1,500 a kowane zango daga ɗaliban da ba na Tarayyar Turai ba a 2017. Abin da ya fi nauyi shi ne kuɗin da ake kullewa a asusu kafin a ba da bizar karatu, wanda ya kai Yuro 11,904 na shekara guda a Satumbar 2024. Da mahaifin ya juya wannan adadi zuwa Naira, ya ga cewa sai ya taɓa uwar kuɗin shagonsa, ga kuma ƙannenta a makaranta.

Ta karɓi gurbin da ta samu na injiniyanci a jami'ar gida, da niyyar neman digiri na biyu a Jamus, inda tallafin DAAD, hukumar musayar ilimi ta Jamus, ya fi karkata. Wannan shawara ce mai ma'ana, amma ta haifar da sabuwar matsala. Takardar Goethe ba ta da ranar mutuwa, sai dai cibiyoyi da yawa ba sa karɓar wadda ta wuce shekara biyu, digirin injiniyanci kuma shekara biyar ne a Nijeriya. Wato akwai yiwuwar ta sake zama jarrabawa, kuma harshen da ba a amfani da shi tsawon wannan lokaci zubewa yake yi, musamman ɓangaren magana da ta fi shan wahala a kansa.

A ɓangaren makarantar, an cire alkawarin B2 daga takardar sanarwa, an mayar da shi B1 a ƙarshen aji biyu na babbar sakandare, ajin ƙarshe kuma an bar shi ga jarrabawar ƙasa. Muhawarar Asabar ta zama ta kowa, har malamin Ingilishi ya shigo ciki. Sai dai duk tsarin a wuyan mutum ɗaya yake, kuma tun da Jamus ta sassauta dokokin shigowar ƙwararrun ma'aikata a 2020 da 2023, masu koyar da manya Jamusanci, musamman ma'aikatan jinya, suna biyan malami abin da makarantar sakandare ba za ta iya ba. Malamin ya samu irin wannan tayi a Abuja, ya kuma karɓa. A halin yanzu yana koyar da 'yan babbar sakandare ta bidiyo sau ɗaya a mako, iyaye na ta ciniki da makarantar kan wanda zai ɗauki kuɗin data, ajin masu farawa na ƙaramar sakandare kuma an damƙa shi ga ɗalibar, tana zuwa duk ranar Asabar da ba ta da lacca.